Wai "hayaniyar Turawa", kiɗan da aka fara ɗauka a Sakkwato

Har yanzu raina bai huce ba daga abin daren jiya, shi ya sa nake rubutun nan tun kafin in karya. Waɗanda suke majalisar sun gani da idonsu, waɗanda ba sa nan kuma na san labari ya riga ya iso muku, domin majalisar tamu ko bashin mai shayi ba ta iya rufawa. Ba zan kama suna ba. Ya girme ni, Yaya nake ce masa, gobe ma Yaya zan ce masa. Amma mutum ya miƙa hannu ya kashe maka sifika ana tsakiyar waƙa ta uku, ya dube ka ya ce, "Haba ƙanena, rufa mana asiri da hayaniyar Turawan nan, mu fa nan Hausawa ne," a kuma bushe da dariya, wannan kam ba zan haɗiye ta ba.

Hayaniyar Turawa. Abin da na kunna kundin waƙoƙin makaɗin jita Mdou Moctar ne, Funeral for Justice, wanda ya fito a watan Mayun 2024. Kun san tun da ƙanen kundin, Tears of Injustice, ya biyo baya a farkon 2025 na ishe ku da zancensu, in ji wannan in koma wancan, domin kusan waƙoƙi ɗaya ne aka buga sau biyu: na farko da jitar lantarki da ganguna kamar za a yaye kwanon rufi, na biyu da jitar katako, a natse, kamar hirar bayan isha. Waƙar da Yaya ya kashe kuwa sunanta Takoba. Ku sake karantawa a hankali. Takoba. Takobi ke nan, wanda kakanninmu suka rataya. Lalle kam, Turawan Landan ma haka suke kiran abin.

Amma ba wannan ce ta fi ƙona mini rai ba. Da na ce masa, "Yaya, wannan fa ɗan Nijar ne, Ba'abzine ne daga jihar Tawa," kun tuna abin da ya mayar mini? Cewa ya yi, "Au, ashe ma kiɗan buzaye ne, masu gadi." Aka sake wata dariyar, ta fi ta farko ƙarfi. To ku duba mini wannan ikon Allah. Cikin minti ɗaya kiɗa guda ya yi laifi biyu masu karo da juna. Da farko an ƙi shi don na Bature ne, ya fi ƙarfinmu. Da aka ji na maƙwabci ne, sai aka ƙi shi don mun fi ƙarfinsa. Ina ne tsakiyar da ya kamata kiɗa ya tsaya kafin Yaya ya yarda ya ba shi kunne na minti biyar? Babu. Raini ne kawai ya canja riga.

Bari in faɗa muku inda abin ya samo asali, tunda wasunku sai an tauna an ba su a baki. Sunan mutumin nan na yanka Mahamadou Souleymane. Ya taso a gidan da ba a maraba da kiɗa, ba shi da kuɗin jita, ba ma inda zai saye ta. Sai ya sassaƙa katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, da ita ya koya. Yana bin sawun Abdallah Oumbadougou ne, dattijon da ya buɗe wa matasan Abzinawan Nijar wannan hanya, wanda ya rasu a 2020. Da lokaci ya yi da zai ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, ina ya nufa? Bai je Faransa ba, bai je Amurka ba. Sakkwato ya zo. Sakkwato, Yaya. A ɗakin ɗaukar sauti irin namu, da injin lanƙwasa murya irin wanda ya cika waƙoƙin finafinanmu, da bugun fiyano irin wanda kake kunnawa a motarka kullum. Duk wanda ya saurari wannan kundin zai ji ƙamshin waƙar Hausa ta wancan zamani yana tashi kamar turaren wuta. Ta ƙofar gidanmu kiɗan nan ya bi ya wuce, muna zaune muna kallon wani wajen.

Kuma yadda ya bazu ma irin tamu ce. Ba kamfani, ba talla, ba rediyo. Daga waya zuwa waya, ta bulutut da memori, direban babbar mota ya tura wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya tura wa makiyayi, har waƙoƙin suka ƙetare zuwa Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai yawon tattara abin da mutane ke ajiyewa a wayoyinsu, ya ci karo da su, ya sa ɗaya a cikin wani tarin waƙoƙi da ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, sannan ya shiga cigiyar mai muryar har ya same shi. Daga nan tafiya ta miƙa. A 2021 Afrique Victime ya fito a ƙarƙashin Matador, kuma a nan ne nake so masu cewa "hayaniya" su ɗan saurara. Matador kamfani ne da aka kafa a Niyok a 1989, gidan su Pavement da Yo La Tengo da Interpol, wato ɗaya daga cikin manyan rumfunan abin da ake kira kiɗan indi rok. Kalmar indi ɗin nan ba wani tsafi ba ce. Ana nufin masu cin gashin kansu, waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan dodanni uku na kasuwar waƙa, Universal da Sony da Warner. Mutane huɗu ko biyar, jita biyu, mai jitar kaurin sauti (bes) ɗaya, mai ganguna ɗaya, su shirya abinsu yadda ransu ya so ba tare da wani mai kwat ya ce a rage nan a ƙara can ba. In wannan ne ma'anar, to yaron da ya haɗa jita da wayar birki, ya raba waƙarsa ta memori, ya riga duk 'yan Niyok zama ɗan indi. Su ne suka zo suka same shi a kai.

"Ai ƙara ce ta yi yawa." Madalla. Yau kuma Bahaushe ne yake ƙorafin ƙara. Mu da ake ɗaura mana sifikoki takwas a kan titi ranar kamu, tun la'asar har tsakar dare, mara lafiya da jariri kowa ya ji a jikinsa. Mu da muka taso da kalangun mahauta da kiɗan 'yan dambe da na 'yan tauri, inda makaɗi yake bugu har sai ƙarti sun fara tsuma. Goge fa? Akwai abin da ya kai goge kuka mai tsinin shiga kunne? Ka saurari yadda mutumin nan yake jan sauti ɗaya a kan jita, yana murɗa shi, yana maimaitawa, ganga tana ƙara sauri a hankali har ka rasa lokacin da ƙafarka ta fara motsi, ka ce mini ba ka san wannan ba. Ka sani sarai. Ginin kiɗan gargajiyar yankin nan ne, irin na takamba da na tande, wanda matan Abzinawa ke bugawa a kan turmin da aka rufe da fata. Abin da aka ƙara masa wutar lantarki ce kawai. In hayaniya ce, to hayaniyar gida ce aka sa wa soket.

"Ai ba ma jin yaren." Wannan ce ta fi ba ni dariya, wallahi. Mutanen da suka shekara hamsin suna rera waƙoƙin Indiya daga farko har ƙarshe, da lanƙwasa da shessheƙa, ba tare da sun san ko zaginsu ake yi ba, yau su ne suke neman fassara kafin su saurara. Yaya da kansa yana da waƙoƙin Indiya a wayarsa sun fi ɗari, na gani. Tamashek kuwa, yaren Abzinawa da ake yi a bakin ƙofar layinmu kowane dare, shi ne ya zama baƙo. To ga fassarar a taƙaice, tunda ana so. Akwai waƙar da take kiran 'yan'uwansa su riƙe harshensu kada ya mutu a bakin 'ya'yansu, abin da mu ma muke kuka da shi kullum a nan idan yaro ya dawo daga makaranta ba ya iya ƙirga ashirin da Hausa. Akwai wadda sunanta kawai ya isa, Oh France. Akwai ta ƙarshe, Modern Slaves. Mutum ne daga ƙasar da aka shafe sama da shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa Faransa tana haska biranenta, alhali har zuwa 2023 mafi yawan wutar da Nijar ke sha daga Najeriya ake sayo ta, wadda mu ɗin ma muka katse musu a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki. A majalisar nan tamu an kwana nawa ana muhawara a kan Faransa da Nijar da ECOWAS, jijiyar wuya a tashe? Ga wanda abin ya shafa kai tsaye ya zuba maganar a waƙa, ya je ya rera ta a gaban Turawan da kansu a ƙasashensu, sai mu muka kashe sifika. Kuma an gama ɗaukar kundin tun kafin sojoji su karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023, kada wani ya ce bin iska ya yi.

Shi kansa kundi na biyun daga wannan juyin mulkin ya fito. Suna Amurka suna zagayen wasa aka rufe iyakoki, hanyar gida ta toshe. Mutum uku 'yan Nijar, shi da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu da Souleymane Ibrahim mai ganguna, suka maƙale a ƙasar mutane, iyali suna can. A cikin wannan zaman jiran suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a Niyok suka sake buga waƙoƙin ba lantarki. Ranar da na fara jin sa da iyafis, dare ya raba, an ɗauke wuta, na ajiye wayar a ƙirji ban motsa ba har ya ƙare. Duk wanda ya taɓa kwana a tasha a garin da bai san kowa ba zai gane wannan sautin ko bai ji kalma ɗaya ba. Ba na jin kunyar cewa idona ya kawo ruwa. Ku yi dariyar, na saba.

Na san akwai masu wayo da za su zo da wata: "Ai Turawa ne suke cin ribar, har mai kaurin sautin nasu Ba'amurke ne." Eh, Mikey Coltun Ba'amurke ne, to sai aka yi yaya? Mu da muke da su a maƙota me muka ba su? Wane zaure muka gayyace su a Kano ko Kaduna? Nawa muka taɓa biya don waƙarsu? Mu da waƙar ɗan unguwarmu ma sai mu je shagon tura waƙoƙi a cika mana memori da naira ɗari biyu, mawaƙin bai ga ko sisi ba. Aƙalla can akwai shafin intanet na Bandcamp, inda mutum zai sayi kundi kuɗin ya tafi ga masu shi bayan an cire kaso kaɗan. Ni na gwada saya, katin bankina ya ƙi, sai da na roƙi wani abokina da ke waje ya biya na mayar masa da naira. Ba mai zagin Bature don ya ga daraja a abin da ka taka ka wuce. Wanda kuma ya ce shi ba ya jin kiɗa kowane iri saboda addini, ba da shi nake ba, na girmama matsayinsa, ya wuce abinsa lafiya. Yaya ba ya cikin waɗannan. Yana kashe nawa ya kunna nasa.

Kuma kada ku ɗauka mutum ɗaya ne ya yi sa'a. Bombino, ɗan Agadas, kundinsa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, karon farko ga ɗan Nijar. Tinariwen na Mali sun ma ci kyautar tun 2012. Etran de L'Aïr, wato taurarin Abzin, 'yan gida ɗaya ne da suka shafe shekaru suna kiɗan biki a lungunan Agadas, a 2024 suka fitar da 100% Sahara Guitar, kundin da in ka kunna shi kana wanki sai ka gama ba ka sani ba. Akwai matan Illighadad da Fatou Seidi Ghali ke ja, mace da jita a ƙauyen da ba kwalta. Akwai Tal National na Yamai, waɗanda wani kamfanin indi na Ingila, FatCat, ya fitar wa kundi har uku, na 2018 sunansa Tantabara, kuma suna waƙa da Hausa tsagwaronta a cikin harsunan da suke amfani da su. Da Hausa, Yaya. Su kuma wane laifi za a nemo musu?

Yanzu bari in amsa laifina, kada a ce na ɓuya a bayan Nijar. Eh, ina jin na Turawan ma. Na ji Romance na Fontaines D.C., yaran Dublin, da ya fito a 2024, na ji Manning Fireworks na MJ Lenderman, kuma na ji daɗinsu. Ba zan nemi gafarar kowa ba. Tun 2015 aka tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin sababbin kundaye a duniya, ni kuwa abin ya yi mini daidai: a sauko daga masallaci, a ci abinci, in shige ɗaki in duba me ya fito. Wani ƙwallo yake jira, ya san jadawalin Ingila fiye da ranar haihuwar 'ya'yansa, yana kuka don wata ƙungiya a garin da ko bizarsa ba za a ba shi ba, ba wanda ya ce ya bar Hausa. Ni da na jira kundi sai aka ce na zama Bature. Abin da nake so a kundi shi ne yana neman ka zauna. Minti arba'in, waƙa tara, an jera su da dalili, ta biyu tana buɗe wa ta uku ƙofa. Ba gutsuren daƙiƙa goma sha biyar ba ne da ake rawa da shi a TikTok a manta jibi. Mu da muka taso da kaset mun san wannan. Ka sa gefe ɗaya ya ƙare, ka juya, in zare ya kama ka nemo biro ka naɗe. Ba mai tsallake waƙar Shata a tsakiya. Yaushe muka zama mutanen da ba sa iya ba wa abu minti biyar?

Abin da ya fi damuna, kuma nan ba wasa nake ba, shi ne mu fa masu tsirkiya ne. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal ya zaga duniya. Haruna Uji da gurmi. Garaya, molo, kukuma, goge. Bala Miller a Kaduna ya haɗa jita da ƙahoni ya yi waƙa da Hausa, Sa'adu Bori a Nijar ya ɗora kiɗan bori a kan kayan zamani. Ina magadansu? Mun tattara komai mun miƙa wa fiyano ɗaya da kwamfuta ɗaya, yaro ya danna maɓalli ganga ta fito, ya danna wani sarewa ta fito, waƙa dubu sautinsu ɗaya. Ba na raina masu yi, akwai gwanaye a cikinsu, kuma sana'a ce da take ciyar da gidaje. Amma maƙwabtanmu sun ɗauki kayan kiɗan baƙi suka koya masa yarensu har duniya ta dawo tana koyo a wurinsu, mu kuma muna zaune a benci muna kiran su masu gadi. Ka taɓa tunanin abin da zai faru in wani yaro a Gumel ko Daura ya sa wa gurmi lantarki, ya samu mai ganguna na gaske a bayansa? Ni ina tunanin haka kusan kullum. Amma yaya zai fara, alhali ranar da ya gwada wani Yayan zai miƙa hannu ya kashe?

Masu gadi. A cikin birnin Kano akwai unguwa guda sunanta Agadasawa, ba jiya aka sa mata sunan ba. Rawanin da Ba'abzine yake naɗawa yana ƙyalli yana barin shuni a fuska, a Kura ake rina shi a buga. Ayarin raƙuma sun yi ɗaruruwan shekaru suna kawo mana gishiri da kanwa da dabino su koma da hatsi da tufafi. Shehu Usmanu da kansa ya taka har Agadas neman ilimi wurin Malam Jibrilu. Fari da yunwa na shekarun 1970 da 1980 ne suka kashe dabbobin mutanen nan suka turo da yawansu bakin ƙofofinmu, ba haka Allah ya halicce su da tocila da sanda ba. Bayan an watse jiya, ina tafiya gida raina a ɓace, na sake kunna waƙar a waya a hankali. Dattijon da ke gadin layinmu yana zaune gaban ɗan gawayinsa da butar shayi. Ya ɗago kai, ya ce, "Yaro, dawo da ita baya." Na tsuguna muka ji tare har ƙarshe. Bai ce komai ba sai da ta ƙare, sannan ya zuba mini shayi a ɗan ƙaramin kofin nan, mai ɗaci, na farko. Shekara shida ina wuce shi da "sannu Baba", jiya ne na fara zama.

Af, na manta ban faɗa ba, Mdou bahago ne, da hagu yake buga jitar. Ɗan yayata ma bahago ne, shekararsa tara, kuma har yau ana ɗaure masa hannu a aji ana cewa sai ya rubuta da dama, yaron har ya fara in-ina. Na yi magana an ce in bar shiga abin da ba nawa ba. Abinci da dama, na yarda, wannan ladabi ne da koyarwa, amma fensir fa? Ina so in saya masa jita ƙarama in ya gama jarrabawa, sai dai duk waɗanda na gani a Sabon Gari na dama ne. An ce ana iya juya tsirkiyoyin a mayar da ita ta hagu. In akwai wanda ya san mai gyaran da zai iya wannan a Kano, ba mai tsadar tsiya ba, ya yi mini magana ta akwati. Uwarsa ba ta sani ba tukuna, don Allah kada wani ya kai mata.